Direbobin Falo: Rabe-raben Masu Tuƙa Jirgin Ƙasa a Kwamfuta a Takoma Park

Wasan tuƙin jirgin ƙasa nau'i ne na wasannin kwamfuta da ke zaunar da mutum a kujerar direba, ya saki birki, ya ja taragai, ya kiyaye fitilun hanya, ya tsaya a tasha a kan lokaci. Ba a harbi a cikinsa, ba a cin ƙwallo, ba a tsere da kowa. Babban abin alfaharin mai yin sa shi ne ya isa tasha bai makara ba, fasinjojin da babu su a duniya su sauka lafiya. Microsoft Train Simulator, wanda ya fito a 2001, ya kai wannan sha'awa gidaje da yawa, kuma cikin hanyoyinsa akwai wadda ta tashi daga Washington zuwa Philadelphia. A yau kamfanin Dovetail Games, mai mazauni a Chatham ta ƙasar Ingila, shi ke riƙe da kaso mai tsoka na kasuwar, da wasansa Train Sim World.

Wasan ya fara fitowa a 2017. Na biyu ya zo a 2020, na uku a 2022, daga nan kuma abin ya zama na shekara-shekara: na huɗu a 2023, na biyar a 2024, na shida a 2025, duk a watan Satumba. Kowane sabon fitowa yakan zo da sababbin hanyoyi, galibi ɗaya ta Ingila, ɗaya ta Amurka, ɗaya ta Jamus ko maƙwabciyarta, tare da 'yan gyare-gyare, a kan kuɗi wajen dala 50. Hanya guda kuwa, in za a saya daban, takan kama dala 30 zuwa 40. Hanyoyin da mutum ya saya a baya suna bin sa zuwa sabon wasan. Tsohon wasan kamfanin, wanda tun 2022 ake kira Train Simulator Classic, ya saba sabunta kansa kyauta duk shekara, don haka da aka fara neman kuɗi sai gardama ta tashi: shin sabon na bana ya cancanci a biya?

Takoma Park wuri ne da ya dace a nazarci masu wannan gardama, domin jirgin ƙasa ne ya haifi garin. Benjamin Franklin Gilbert ya kafa shi a 1883 a bakin layin dogon kamfanin Baltimore and Ohio, don ma'aikatan Washington su kwana a wajen birni su shiga aiki da safe. Garin yana jihar Maryland, mutanensa sun ɗan haura dubu 17. Tashar Metro ta Takoma, wadda aka buɗe a 1978 a kan Jan Layi, tana ɓangaren Washington, taku kaɗan daga iyaka. Ta gefenta jiragen kaya na CSX da na fasinja na MARC da Amtrak suke wucewa ba tsayawa. Layin nan, in aka bi shi yamma, yana kai wa Cumberland, inda hawan Sand Patch ya fara, kuma wannan hawa shi ne hanyar farko da Train Sim World ya fito da ita. Mazauna garin da kewayensa, ciki har da Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana, suna jin ƙarar jirgin gaske ta taga suna tuƙa na ƙarya a falo. Sun kasu kashi takwas.

Na farko: Sarkin zumuɗi

Wannan yakan biya tun kafin wasan ya fito. Da kamfani ya saki tallan farko a ƙarshen bazara, katin bankinsa na hannu. Yakan zaɓi kunshi mafi tsada saboda yana ba shi damar fara wasa 'yan kwanaki kafin sauran jama'a, kuma a cikin kwanakin nan ne yake gano wa kamfani duk kurakuran da ba a gyara ba, kyauta, bayan shi ya biya. A wurinsa sabon wasa kamar ɗinkin Sallah ne: na bara bai yage ba, amma fita da shi abin kunya ne. In aka tambaye shi abin da ya bambanta na bana da na bara, sai ya ce gajimare ya fi kyau. Gaskiya ne kuwa, don a na uku aka sa yanayi ya riƙa sauyawa ana cikin tafiya. Shekara uku ke nan yana ba da wannan amsa.

Na biyu: Mai jiran araha

Shi ma yana son sabon, amma ya rantse ba zai biya cikakken kuɗi ba. Ya haddace lokutan rangwamen kasuwar Steam, na bazara da na hunturu da na kaka, fiye da yadda ya san ranar haihuwar 'ya'yansa. Yakan jira farashi ya sauko rabi, in ya sauko sai ya ce zai ƙara saukowa. Ranar da ya saya, ba a cika wata guda ba ake sanar da na gaba. Saboda haka kullum yana bayan jama'a da shekara ɗaya, yana zuwa majalisa da labarin da kowa ya gama da shi. An ce araha ba ta ado, amma shi ya gwammace rashin adon, kuma a lissafin kuɗi yana cikin waɗanda suka fi kowa gaskiya.

Na uku: Mai tsohuwar zuma

Tun 2001 ya tsaya. Faifan Microsoft Train Simulator yana nan a ajiye cikin kwalinsa, kuma yana tuƙi da Open Rails, manhajar kyauta da masu sa kai suka rubuta don tsofaffin hanyoyin su ci gaba da aiki a sababbin kwamfutoci. Bishiyoyin wasansa shafaffu ne, fasinjojinsa ba su da fuska, amma ya ce shi jirgi ya zo tuƙawa, ba kallon ganye ba. Duk sabon fitowa a wurinsa damfara ce da aka shafa wa fenti. Bai taɓa ba kamfanin Chatham ko sisi ba, sai dai ya kashe dararen Asabar masu yawa yana neman dalilin da ya sa wani tarago ya ƙi bayyana. Lokacinsa ba ya cikin lissafinsa.

Na huɗu: Mai ƙidayar ƙusoshi

Shi ne mafi ilimi, kuma mafi wahalar zama da shi. Yakan tsaya a dandamalin tashar Takoma, jiragen Metro uku su wuce bai shiga ba, yana jiran jirgin kaya na CSX ya gifta don ya ɗauki ƙararsa a waya. Da ya koma gida sai ya gwada da ta wasan, ya gano cewa usur ɗin bai yi kauri yadda ya kamata ba, ko fitilar gaba ta karkace da ɗan yatsa guda. Daga nan sai doguwar takardar koke. Ba ya auna sabon wasa da daɗinsa, sai da yawan kurakuran da aka gyara cikin waɗanda ya lissafa bara. Tunda ba a taɓa gyara su duka ba, hukuncinsa ɗaya ne duk shekara: bai cancanta ba. Amma sai ya saya, don ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani da idonsa ba.

Na biyar: Mai ƙorafi da kati a hannu

Ana yawan rikita shi da na huɗu, alhali sun bambanta. Wancan yana da hujja, wannan murya kawai gare shi. Kowace shekara yakan sanar da abokansa cewa an kai shi bango, daga bana shi da kamfanin nan haihata-haihata. Yakan kawo misalin wasan ƙwallon FIFA, wanda a da ake sauya wa 'yan wasa riga a sake sayarwa, ya ce nan ma haka ne, an sauya wa jirgi lamba. Bayan mako biyu sai a ga sunansa a intanet yana tuƙa sabuwar hanya. In aka yi masa magana sai ya ce ai yaro ne ya matsa. Yaron kuwa ba ya wasan jirgi.

Na shida: Mai tara hanyoyi

Wannan ba direba ba ne, mai ajiya ne. Yana da hanyar Landan, yana da ta Kalifoniya, yana da ta Frankfurt, yana da wasu da bai san ƙasar da suke ba. An daɗe da sanin cewa mai son mallakar duk ƙarin hanyoyi da injinan Train Simulator Classic sai ya kashe dubban daloli, kuma shi wannan labari bai tsorata shi ba, buri ya ba shi. Kwamfutarsa ta cika, ya sayo ƙarin ma'aji. Da dare yakan buɗe jerin hanyoyinsa, ya yi ta gangarawa yana zaɓe har barci ya ɗauke shi bai tada inji ba. A gida, duk lokacin da uwargida ta ga saƙon banki ta ce, "Baban yara, wannan jirgin dai har yanzu bai kai mu Kano ba," sai ya amsa da cewa wannan na ƙarshe ne.

Na bakwai: Ɗan ganganci

Ya shigo wasan bisa kuskure, yana zaton tsere ne. Ba ya karanta darasi, ba ya duba iyakar gudu. Yakan tura maƙura har ƙarshe, ya wuce tasha fasinjoji na kallonsa, ya keta jar fitila, wasan ya tsaya nan take ya ce an kore shi. Sai ya sake farawa. In ya gwada jan kaya a hawan Sand Patch, inda jirgi ke rarrafe a tsaunukan Allegheny, hamma ke kama shi, na'urar da ke gwada ko direba na farke ta yi ta ƙara, bai taɓa ta ba, birki ya kama da kansa. Sabon fitowa bai shafe shi ba, domin duk hanyoyin duniya a wurinsa mil biyar ne na farko.

Na takwas: Mai biro da takarda

Yawanci ma'aikacin ofis ne da ke hawan Jan Layi zuwa cikin Washington kowace safiya. Kafin ya saya sai ya raba kuɗin da yawan sa'o'in da zai yi yana tuƙi. Idan dala 50 ta ba shi sa'a ɗari, sa'a guda ta tashi a rabin dala, ya ce ciniki ya faɗa. Idan cikin hanyoyin uku ɗaya ce kawai ta burge shi, sai ya bar kunshin ya jira a sayar da ita ita kaɗai. Da kamfani ya ba da ƙaramin kunshi na kyauta tare da na biyar a 2024, shi ne na farko da ya gane cewa zai iya ɗaukar sabon injin wasan ya kwaso tsofaffin hanyoyinsa ciki bai biya komai ba. Abin da ke ba shi dariya shi kaɗai a tarago shi ne, tun Disamban 2024 jiragen Jan Layi sun koma tafiya da na'ura mai sarrafa kanta, direba na zaune yana sa ido, shi kuma yana biyan kuɗi da yamma don ya yi aikin da hannu.

Hukuncin gardamar

Abin da ake sayarwa duk Satumba kashi biyu ne. Akwai gyaran injin wasan, wato haske da yanayi da sababbin dabaru irin su zama kwandasta mai duba tikiti, wanda aka ƙara a na biyar. Akwai kuma hanyoyi da jirage. Kashi na farko shi kaɗai ba kasafai yake kai darajar dala 50 ba, musamman tunda an fara bayar da shi kyauta. Kashi na biyu shi ne ainihin hajar: hanyoyi uku a kunshi sun fi araha a kan a saye su ɗai-ɗai, da sharaɗin mutum zai tuƙa aƙalla biyu. Wanda zai yi haka ya ci riba. Wanda ɗaya yake so, jira ya fi masa. Wanda bai gama da na bara ba, ba shi da uzuri.

Wannan ƙa'ida a fili take, kuma duk kashi takwas ɗin sun san ta. Mai biro da takarda ne kaɗai ke aiki da ita, mai jiran araha ya bi rabinta, mai tsohuwar zuma ba ya bukatarta, ɗan ganganci bai kai inda za ta yi masa amfani ba. Sauran huɗun, wato sarkin zumuɗi da mai ƙidayar ƙusoshi da mai ƙorafi da mai tara hanyoyi, su ne ke biya a kan kari, kowa da dalilinsa, kuma muddin suna nan kamfanin ba shi da dalilin fasa fitar da sabo a shekara mai zuwa.