Kujera 127 a Motar USB

A takarda, USB akwai karamci. Tun fitowarta a 1996 aka tsara kowace na'ura ta samu adireshi mai bit 7, wato lambobi 128. Sifili na baƙon da aka jona yanzu ne kafin kwamfuta ta ba shi tasa lambar, saboda haka saura 127.

Sai mutum ya sayo hub, abin nan mai raba kafa ɗaya zuwa huɗu, yana ta murna ya samu ƙarin wuri. Ashe shi ma hub ɗin adireshi yake ci, kamar kwandastan da ke kiran fasinja alhali ya mimmiƙe a kujera. Mai kafa bakwai ma sau da yawa hub biyu ne a cikinsa. Kuma ba a jera fiye da biyar a bayan juna.

Tun kafin a doshi 127, wuta ta gaza. Kafar USB 2.0 mili-amfiya 500 take bayarwa, gudunta na megabit 480 a daƙiƙa kuwa na kowa da kowa ne. Maus da kibod ba su da ci, bayin Allah. Amma a jona kyamara biyu da faifan ajiya, sai hoto ya fara sarƙewa, mai kwamfuta kuwa ya hau firinta da faɗa.