Farfesoshin Benci

Duk wanda ya ce sai an je Wudil ake samun jami'a a wannan yanki namu, to bai taɓa zama a teburin mai shayi a Gaya bayan sallar isha'i ba. Ta Wudil tana da ƙofa da mai gadi da kuɗin rajista. Tamu kuwa benci biyu ne, da tukunyar shayi da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, da fitila mai caji. Amma a nan ake warware rikicin da ya gagari Majalisar Ɗinkin Duniya tun kafin burodi ya jiƙa a kofi. Na daɗe ina ɗalibta a wannan makaranta, wani lokaci a Gaya, wani lokaci a Ajingi idan na je gaida dangin mahaifiyata, kuma na lura fuskoki ne kawai ke canzawa. Malaman iri ɗaya ne, kamar a kasko ɗaya aka toya su.

Shugaban jami'ar shi ne Baba Mai Rediyo. Rediyon tasa ta girmi rabin mazauna bencin, an ɗaure murfin batirinta da roba, eriyar ma waya ce aka laƙaba. Hujjarsa guda ce a duniya: "Landan ta faɗa." Yana da gaskiyarsa, domin tun 1957 Landan ke magana da Hausa, shi kuma yana jin kamar da shi aka buɗe tashar. Daga Landan ya koma Jamus, daga Jamus ya leƙa Amurka, ya rufe da Faransa, duk yana kishingiɗe a kan tabarma. Shi ya fara sanar da majalisa cewa Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma ya faɗe shi da fuskar wanda aka yi shawara da shi ya ƙi amincewa. Cikas ɗinsa ɗaya ne: gyangyaɗi. Barci kan sace shi a tsakiyar labari, ya farka a tsakiyar wani, sai ya ɗinke su wuri guda. Da aka yi girgizar ƙasa a Turkiyya a Fabrairun 2023, Baba ya zo ya shaida mana cewa ita ta jawo ƙarancin sababbin takardun naira. Ba wanda ya musa, domin a lokacin kowa na neman wanda zai ɗora wa laifi.

Babban abokin hamayyarsa yaro ne sa'an jikansa, Ɗan Google. Shi bai san komai ba, amma ya san inda komai yake. Ana fara gardama zai zaro waya ya ce, "Bari in duba." Ilminsa na tafiya ne da caji: idan batir ya cika malami ne, idan ya koma kashi huɗu cikin ɗari sai ya zama ɗan kallo kamar kowa. Ran da data ta ƙare masa kuwa, ko sunan kakansa ka tambaye shi sai ya ce sabis ne ba kyau. Abin tausayi game da shi shi ne tarbiyya ta ɗaure masa baki. Ranar da Baba ya rantse Istanbul ce babban birnin Turkiyya, yaron ya duba ya ga Ankara ɓaro-ɓaro. Ya dubi waya, ya dubi furfurar Baba, ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ina jin wayar ce ta samu matsala." Baba ya ce, "Ai kayan China ke nan." Aka wuce wurin.

Sai kuma Kawu Ina-Wurin. Shi ba ya ji a rediyo, ba ya dubawa a waya, gani ya kori ji. Ranar da aka koma tuƙi ta hannun dama a Afrilun 1972, yana kan gadar Wudil, shi ya raba wasu direbobi biyu da suka yi cirko-cirko. Da aka daina fam da sule aka kawo naira da kwabo a 1973, shi ne na uku a layin banki. Da Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, ta ɗago masa hannu, shi kaɗai, a cikin taron. Matsalar ita ce katin shaidarsa ya ce a 1978 aka haife shi. Idan aka tuna masa sai ya ce waɗancan shekarun aiki ne, na gaskiya suna gida a cikin adaka. Sau ɗaya na ga ya ja birki. An ce jirgin sama ya fara sauka a Kano a 1925, ya buɗe baki har ya ce "Ai ranar ina...", sai ya yi lissafi da yatsu a ƙarƙashin riga, ya ƙarasa da "...jin labarin a wurin babana."

Wanda na fi jin daɗin zama kusa da shi, ko da yake shi ya fi cinye dare, shi ne Malam Gaya-Uwar-Kano. Duk inda zance ya faro, a Gaya zai sauka. A yi maganar tsadar taki, zai ce ai tun da maƙeran Gaya suka bar gida albarkar ƙarfe ta ragu. A yi maganar yaƙin Rasha da Yukiren, zai ce duk rigimar ƙarfe ce, kuma ƙarfe an san masu shi. Daga nan sai ya gyara zama ya ɗauko labarin da kowa ya haddace: yadda wani maƙeri mai suna Kano ya tashi daga Gaya yana neman tama, ya same ta a wajen dutsen Dala, ya zauna, zuriyarsa aka kira su Abagayawa, garin kuma ya ci sunansa. Wannan ba shi ya ƙirƙira ba, haka labarin yake a bakin masu tarihi, kuma ya riga zuwan Bagauda wanda ake lissafin sarautarsa daga shekara ta 999. Abin da Malam ya ƙara daga aljihunsa shi ne hukuncin da yake yankewa: wai duk mutumin birni ɗan haya ne, kuma da ana bin gaskiya da Kasuwar Kurmi tana aiko wa Gaya da kuɗin shara duk wata. Bai taɓa manta cewa Gaya ta ba Kano gwamna ba, Kabiru Ibrahim Gaya, daga 1992 zuwa 1993. Yakan faɗi shekarun a hankali, don a ji kamar sun fi biyu.

Shekarun baya-bayan nan sun wahalar da shi, bawan Allah. A 2019 aka ƙirƙiri sababbin masarautu huɗu, Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi, Malam ya sayi sabuwar hula ya ce tarihi ya dawo gidan ubansa. A Mayun 2024 aka rushe su, ya kwana uku bai fito shan shayi ba, aka ce mura. A Yulin shekarar aka dawo da Gaya a daraja ta biyu, da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta, ya fito da rabin murmushi. Wani mutumin Ajingi da ya zo cin kasuwa ya tsokane shi: "Allah gafarta Malam, yanzu in yaro ya shiga gasar kacici-kacici aka ce masarautu nawa ne a Kano, me zai ce?" Malam ya kurɓi shayi ya ce, "Ya tambaye su wace rana ce tukuna."

Wannan tambaya ta kawo mu kan mai gasar kansa, Malam Tsohon Hedimasta. Ya yi ritaya, amma bai ajiye bulala ba, a harshe ya mayar da ita. Yana da wani littafi na tambaya da amsa da ya samu a zamanin UPE, wajen 1977, bango ya fita, shafukan sun yi ja kamar an tsoma a shayin. Abin da littafin ya ce shi ne gaskiya, sauran duk surutun 'yan zamani ne. Jihohin Nijeriya 19 ne. Ka ce masa an mayar da su 21 a 1987, 30 a 1991 lokacin da aka yanke Jigawa daga jikinmu, 36 a 1996, zai ce ya sani, amma waɗannan ƙari ne, ba sa cikin manhaja. Duniyoyin da ke kewaya rana tara ne. Ka ce masa masana taurari sun sauke Fuluto daga wannan matsayi a 2006, zai ce wa ya naɗa su, kuma me Fuluto ya yi musu. Mun daɗe muna yi masa dariya a ɓoye, har Mayun 2024, da gwamnati ta dawo da tsohon taken ƙasa wanda aka ajiye tun 1978. A daren nan Malam ya zo da littafin a hammata, ya buɗe shafin farko, ya ajiye a kan tebur kusa da gwangwanin madara. Bai ce uffan ba sai da kowa ya leƙa. Sannan ya ce, "Ku ci gaba da gudu. Ni ina nan, duniya za ta zagayo ta same ni." Yanzu jiran Fuluto yake yi.

Akwai Alhaji Ban-Yarda-Ba, wanda jarinsa musu ne. Shi ba ya kawo labari, na wani yake jira ya kashe. An je duniyar wata a 1969? "Wa ya riga su zuwa ya riƙe musu kyamara?" Ƙasa tana juyawa? "To me ya sa shekara arba'in ƙofar gidana gabas take kallo?" Da aka sanar tun kafin lokaci cewa za a yi husufin rana ranar 29 ga Maris 2006, kuma aka yi, ya ce dace ne, ko makaho yakan taka kuɗi. Na taɓa gwada shi, na maimaita masa maganar da shi da kansa ya faɗa daren jiya. Ya ce ƙarya ce, kuma duk wanda ya faɗa mini bai san abin da yake yi ba.

Ɗan ƙwallo ba sai na tsaya a kansa ba, kowa yana da irinsa a gida. Ya san yadda Kanu ya rama wa Nijeriya ya kuma kifar da Brazil da ci 4 da 3 a Atlanta a 1996, alhali lokacin ba a ɗaura auren iyayensa ba. Ya san Ahmed Musa ya zuba wa Iceland biyu a 2018, har ƙafar da ya buga. Yakan ce "mun sayi ɗan wasa" alhali bashin ƙwai biyu ake bin sa. Tambaye shi sunan kansilan mazaɓarsa, sai ya ce siyasa ba ta dame shi ba.

Mafi haɗari shi ne An-Turo-Mini. Sauran ko sun yi kuskure, a kan benci yake ƙarewa. Nasa kuwa har cikin gida yake bin mutum. Irinsa ne suka tashe mu da tsakar dare a Agustan 2014, lokacin Ebola, wai a yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba. Gari ya waye kowa fari fat kamar an fito daga buhun fulawa, waɗanda suka ƙara da sha kuma suka kwana suna zarya. Bai tuba ba. Yau ma wayarsa cike take da muryoyin likitocin da ba su da suna, da hotunan kifi mai kan mutum. Idan ka ce wa ya faɗa, sai ya ce wani babban mutum ne a wani guruf.

Zan yi rashin adalci in ban faɗi cewa mafi ingancin ilmi a wannan fage ba a kan benci yake ba, yana cikin gida. Goggona ta Ajingi ba ta taɓa zama a teburin mai shayi ba, amma da za a haɗa ta da farfesoshin nan a fannin fim, da ta aike su sayen kalanzir. Ta san da Turmin Danya aka faro harkar fim ɗin Hausa na bidiyo a 1990. Ta san Sholay na 1975 tun daga hawa jirgi har sauka, ba ta jin Indiyanci amma takan gyara wa mai fassara. Ta san wa ya saki wa a Daɗin Kowa, da dalili, da wanda ya haɗa munafuncin. Da aka naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar fina-finai ta ƙasa a Janairun 2024, ita ta gaya mini kafin Baba Mai Rediyo ya farka. Bambancinta da mazan shi ne idan ba ta san abu ba takan ce, "Wallahi ɗan nan ban sani ba." Wannan jimla, a shekarun da na yi a kan benci, ban taɓa jin ta fito daga bakin mai gemu ba.

Duk gardamar da ta ƙi ƙarewa, gaban mai shayi ake kai ta, shi ne alƙalin alƙalai. Ba ya karatu, ba ya sauraron rediyo, amma yana da littafi shi ma: na bashi. Na daɗe kafin in gano ƙa'idar shari'arsa. Wanda ya biya kuɗinsa lakadan shi ke da gaskiya. Wanda ake bi kwana uku yana da rabin gaskiya. Wanda bashinsa ya haura wata, ko cewa ya yi Abuja ce babban birnin Nijeriya, mai shayi zai ɗaga ludayi ya ce, "Anya kuwa, Yallaɓai? A dai ƙara bincike."

Ni kuma fa? Ni ne wanda amsa ke zo masa bayan ya kwanta. Sai na tofa addu'a na ja bargo, sannan zan tuna shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, 1911, in yi tsaki in ce gobe sai na ƙure Kawu. Goben kuma an koma zancen kifi mai kan mutum.

Makon jiya Ɗan Google, cajinsa a cike, ya sanar da majalisa cewa tsakaninmu da wata kusan kilomita 384,000 ne. Alhaji ya ce wa ya ja igiyar awon. Kawu ya ce ya san wanda ya riƙe ɗaya bakin. Sai wani baƙo da ke jiran a soya masa indomi ya ce, "Don Allah bayin Allah, daga nan zuwa Ajingi kilomita nawa ne? Can zan kwana." Benci ya yi tsit. Baba ya ce Landan ba ta taɓo wannan ba tukuna. Hedimasta ya fara lasar yatsa yana buɗe shafi. Sabis ya ɗauke wa yaron nan take. Wani ɗan acaɓa da ke gefe, wanda tun da nake zuwa wurin ban taɓa jin muryarsa ba, ya ajiye kofinsa ya dubi baƙon sama da ƙasa ya ce, "Kai dai lita ɗaya da rabi ne. Da Alhaji ne, biyu." Mai shayi ya leƙa littafinsa, ya ga ba a bin sa ko sisi, ya ce amsar ke nan.