Malam, ka faɗa musu tun ranar farko

Tun da korona ta rufe makarantu a 2020, ajin jami'a ya koyi zama a cikin waya, kuma har yau ɗaliban jami'ar NOUN da masu karatu daga nesa a Jami'ar Ahmadu Bello sun fi sanin malamansu ta intanet. To Malam, duk abin da kake so daga ɗalibanka, ka rubuta musu shi tun ranar farko.

Fara da suna. Kowa ya shigo da sunan da ya yi rajista da shi, haɗe da lambarsa. In ka yi shiru, za ka tarar da "Tecno Spark" uku da "Autar Mama" a ajinka, duk suna neman makin halarta.

Makirfo kuwa a kashe yake sai ka ba da izini, don kada carar zakara da injin markaɗen maƙwabta su taya ka koyarwa. Kyamara ce ke buƙatar tausayi. Bidiyo cin data gare shi, kuma wani ɗalibin kuɗin abincinsa ya rage ya saya. Ka ce a buɗe ta mintuna biyar na farko a ga juna, cikin sutura, a zaune, ba a bayan ɗan acaɓa ba, sannan a rufe.

In Zoom na kyauta kake amfani da shi, yana yankewa bayan minti 40. Ka sanar cewa yankewar ba tashi ba ce, a sake shigowa.

Ɗauke wuta da rashin sabis uzuri ne na gaskiya, saboda haka ka naɗi darasin da murya ka tura zauren WhatsApp na aji. Wanda ya rasa zaman bai rasa karatun ba, mai ƙaryar sabis kuma hujjarsa ta ƙare. Aikin gida kada ka ce "a kawo Alhamis", domin a wurin ɗalibi Alhamis tana kaiwa asubar Asabar. Ka ce Alhamis, ƙarfe 10 na dare, ta imel.

Kai ma ka rubuta naka alkawarin: ba darasi lokacin sallar Juma'a, kuma duk tambaya za ta samu amsa cikin kwana biyu, amma saƙon ƙarfe 2 na dare sai gari ya waye.