Saƙon Kawu Daga Makka

Ranar walimar auren ƙanena a Kurfi aka ɗora mini kula da lasifika, ba don komai ba sai don ina sa tabarau. Aikin guda ɗaya ne: Kawu Alhaji yana Makka, ya aiko da addu'a ta WhatsApp, kuma dole jama'a su ji su shafa.

Aka aro injin lasifikar masallacin unguwa. Na ɗauko kebul ɗin da nake haɗa wayata da rediyon mota, na cusa kansa a ramin injin, sai ga shi yana yawo a ciki kamar ludayi a tukunyar biki. Ladan ya ce a naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Ban tambayi inda ya samo ta ba. Aka naɗe, lasifika ta yi wani gurnani da ya tsinka igiyar akuyar maƙwabta. Wani ɗan gayu ya miƙo iPhone yana taƙama, aka duba babu ramin ma sam, tun 2016 kamfanin Apple ya toshe shi.

Na tari mota sai Dutsin-Ma. A wata rumfar gyaran waya na samu wani yaro, ɗalibin Jami'ar Tarayya, ya karɓi kebul ɗin ya yi dariya.

"Yallaɓai, naka milimita 3.5 ne. Injin nan babba yake ci, 6.35, rubu'in inci ke nan."

Na ce to me ya hana Turawa su yi su bai ɗaya mu huta? Ashe na taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya ce babban shi ne kakansu, tun shekarun 1870 ake aiki da shi a ɗakunan haɗa layin tarho, inda ma'aikata ke wuni suna zarewa suna cusawa, don haka aka yi shi da kauri yadda hannu zai riƙe kuma ba zai karye ba. Shi ya sa har gobe makaɗa da masu lasifika ba su rabu da shi ba. Da rediyo ta koma ta aljihu sai aka rage shi, Walkman ɗin Sony na 1979 ya baza ƙaramin a duniya. Akwai ma ɗan auta, 2.5, na wasu tsofaffin Nokia.

Ina duba agogo, shi kuwa yana ƙirga mini baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen da farce: zobe ɗaya sauti ɗaya, biyu kunnen dama da na hagu, uku an ƙara makirfo. Na ce masa ɗana, shinkafa na can tana hucewa. Ya miƙo mini adafta da ba ta kai ɗan yatsa ba, a kuɗin da ya fi na motata.

Na iso Kurfi bayan la'asar, na haɗa, ta zauna daram. Muryar Kawu ta cika unguwa tar. Ya yi wa ango da amarya addu'a, jama'a na ta amin, Ladan yana jinjina mini kai. Na rungume hannu na ja gefe, har da gyara hula.

Ita WhatsApp, in saƙon murya biyu suka biyo juna, da na farko ya ƙare sai ta zarce da na biyu ba ta nemi izinin kowa ba.

"Kai kuma, wannan naka ne kai kaɗai. Ka sa ido a kan naman nan, dangin amarya na san su, kada a bar su kusa da tukunya. Musamman baffanta mai jar hula."

Waɗansu na baya, da ba su ji sosai ba, suka ce amin. Baffan amarya yana sahun gaba, da jar hularsa, da cinyar kaza a hannu. Na daka tsalle in zare kebul ɗin, amma adaftar yaron nan ta kama gam, sai da Kawu ya gama lissafa sauran.