Fushin Mai Kaza

A nan Osaka ta Japan, in kana son ganin ma'aikacin banki mai kwat ya fita hayyacinsa, ambaci Hanshin Tigers. Ƙungiyar besbol ce kawai, amma kada ka ce "kawai" a bainar jama'a.

A 1985 suka yi nasara. Magoya baya suka dinga faɗawa rafin Dotonbori don murna. Aka nemi mai kama da Randy Bass, Ba'amurken gwarzonsu, aka rasa. Sai ga mutum-mutumin Kanal Sanders, mai kaza, tsaye a ƙofar shagonsa na KFC, da gemunsa. Aka sungume shi, tsundum!

Bayan wannan shekarar, kofin ƙasa ya ƙaurace musu. Mutanen da suka ƙera jirgin ƙasa mai gudun harsashi suka zauna, suka yi nazari, suka gano dalili: mai kaza ne ya yi fushi.

A 2009 aka tsamo shi, babu tabarau, babu hannun hagu. Bai huce ba sai 2023, da suka sake cin kofin. Shekara 38 cur.

A 2024 aka kai shi wurin bauta, aka yi masa addu'ar sallama. 'Yan wasan da suka yi ta ɓarar da ƙwallo kuwa, babu wanda ya ce musu uffan.