Rabe-raben Masu Mota Otomatik a Rijiyar Zaki

Man giyar mota otomatik ayyuka huɗu yake yi a lokaci guda: yana miƙa ƙarfin inji zuwa giya, yana matse kulocin da ke sauya giya, yana hana ƙarafa cin juna, yana kuma kwashe zafi. Ya fi yin aiki lafiya tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Salshiyas. Da ya haura haka sai ya fara tsufa da wuri, kuma ƙiyasin da masu sana'ar suka saba da shi shi ne duk ƙarin digiri 10 yana cinye rabin kwanan man. Wajen digiri 120 yakan fara barin dauɗa mai danƙo, robobin sil su ƙandare. Idan ya doshi 150, kuloci ya zame ya ƙone.

Rijiyar Zaki, da ke kan titin Gwarzo a ƙaramar hukumar Ungogo, ta haɗa duk abin da wannan mai ba ya so: zafin Afrilu da kan wuce digiri 40, gosulon Kabuga, hanyoyin gona masu yashi, da motocin Kwatano da suka riga suka ci ƙuruciyarsu a Turai da Amurka. Duk da haka, ba yanayi ne ke kashe yawancin giyoyi ba. Masu su ne, kuma sun kasu gida bakwai.

Na farko shi ne Mai-ai-mai-ne. Aƙidarsa ita ce duk man da ya yi ja kamar zoɓo ya halatta a zuba. Bai san cewa jan rini ne kawai da ake sakawa don a bambanta shi da baƙin mai ba. Tun da kamfanin General Motors ya fito da Dexron a 1967, ake ta samun nau'o'i, kowanne da kaurinsa da irin kamun da yake ba kuloci. Toyota na da T-IV na tsofaffin motoci da WS mai tsinkewa na sababbi. Honda na da DW-1, wanda ya gaji Z1. Giyar CVT ta Nissan, mai aiki da bel ɗin ƙarfe, NS-2 ko NS-3 take sha. Shi kuwa idan ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa tambayarsa ɗaya ce: "Wanne ya fi sauƙi?" Idan mota ta fara dukan giya, sai ya ce dama 'yan Kwatano ba su da amana.

Na biyu shi ne Kada-a-taɓa. Ya ji a majalisa cewa duk wanda ya canza man giya motarsa ta zauna, don haka man da ke cikin tasa tun na Baturen da ya fara hawanta ne. Makanike ya zaro sandar gwaji, ya goga a farin ƙyalle, ya miƙo masa baƙi ƙirin yana ƙauri, ya ce, "Alhaji, shinshina ka ji." Alhaji ya shinshina, ya ce, "Mayar, Oga. Ai tana tafiya." Tsoron nasa yana da asali: giyar da kulocinta ya riga ya cinye takan riƙe ne da garin da ke yawo a tsohon mai, sabon mai kuwa sai ya tona asirinta. Maganin shi ne canji a kan kari, kowane kilomita 40,000 zuwa 60,000 a irin wannan yanayi, ta hanyar tsiyayewa a sake zubawa.

Na uku shi ne Cika-mudu. Mutum ne mai kyauta, ba ya son a ce motarsa ta nema ta rasa. Idan littafi ya ce lita uku, sai ya ƙara ɗaya saboda hanya. Man da ya wuce alama ƙarafa ne ke kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta matse kuloci, ba ta kwashe zafi. Yakan kuma gwada mai da asuba mota na sanyi, alhali yawancin motoci, irin su Toyota, sai sun yi ɗumi, inji na aiki, giya na kan P, a wuri mai daidai. Yawancin Honda kuwa ana gwada su ne nan take bayan an kashe inji.

Na huɗu shi ne Sarkin Lodi. A takarda motarsa Sienna ce ta ɗaukar iyali. A aikace a-kori-kura ce. Da damina taki take kaiwa gona, da kaka ta kwaso buhunan gero da dawa ta nufi kasuwar Dawanau, bayanta na jan ƙasa. Mafi yawan zafin giya a kombata yake tasowa, wato tukunyar ƙarfen da ke tsakanin inji da giya, kuma ya fi tsanani idan inji na ihu mota na rarrafe. Idan ta kafe a yashi, Sarkin Lodi ba ya sauke ko buhu ɗaya. Sai ya yi ta wurga giya daga D zuwa R yana taka totur, yara na turi suna kabbara. 'Yan mintoci a haka sun isa su dafa mai. Abin da ya kamata shi ne a rage kaya, a sa L ko 2, a fita a hankali.

Na biyar shi ne Mai-ruwan-rijiya. A ganinsa sayen ruwan lagireto na jarka almubazzaranci ne, tunda ga rijiya a gida. A motoci da yawa man giya yana bi ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. Ruwan rijiya yana kawo tsatsa da gishiri, ya toshe lagireto, inji ya yi zafi, giya ta taya shi. Ran da bututun ya huje, ruwa ya gauraya da mai, sai a ga sandar gwaji ta fito da abu ruwan hoda mai kauri. A nan magana ta wuce canjin mai, ta koma cinikin giyabos.

Na shida shi ne Mai-salatif. Shi ba ya jayayya da fitilar gargaɗi, rufe ta yake yi. Idan ta kama, ya manna mata baƙin salatif. Idan giya ta fara kuka, ya ƙara muryar rediyo. Idan ribas ta yi jinkirin shiga, ya ce sanyin safiya ne, ko da a watan Mayu. Motocin zamani sukan kare kansu ta hanyar maƙalewa a giya ɗaya, yawanci ta uku, har a kai su gareji. Shi a haka zai kai ta Gwarzo ya dawo, yana yaba mata da natsuwa. Ran da ta tsaya cak, hassadar maƙwabta ce.

Na bakwai shi ne wanda majalisa ke kira Mai-ƙaƙale. Yana karanta sunan man da aka rubuta a kan sandar gwaji ko a littafin mota, ya sayi shi a rufe, ya duba hatimi saboda jabu, ya tsaya a kan makanike har a zuba. Idan motarsa marar sanda ce, ya san ana daidaita man ne ta ƙasa, a ɗumin da kamfani ya ƙayyade, wanda a Toyota da dama yake tsakanin digiri 35 da 45. Yana wanke ƙurar hunturu daga fuskar lagireto, yana lura da fanka, ya sa an ƙara masa ƙaramin lagireton mai saboda lodi, kuma yana rubuta kilomitar kowane sabis. Idan ya ji ƙauri a hanya, sai ya faka a inuwa, ya sa P, ya bar inji na aiki har mai ya huce. Sauran shidan suna yi masa dariya, suna cewa ya mayar da mota matar aure. Irinsa ba su da yawa a unguwa, kuma babbar matsalarsa ita ce duk ranar kai amarya ko tafiya asibiti da dare, ƙofarsa shidan nan suke ƙwanƙwasawa neman aro.