Zuwa Ga Magajin Rumbun Manhaja

Takarda ta fito daga hannun wani mai shagon buga takardu a Sarkin Dawaki, Jalingo, zuwa ga mai rabon manhaja da ke cikin kwamfutarsa.

Daren jiya talakanka ya ƙona datarsa ya ɗaga kwamfuta daga Ubuntu 20.04 zuwa 22.04. Ana dab da gamawa ka nemi izinin share tsofaffin kaya, ya ce to. Gari na wayewa manhajar sikana ta ƙi buɗewa, wai ba ta ga libssl.so.1.1 ba, ga ɗalibai tsaye a bakin ƙofa riƙe da takardun shaidarsu.

Talakanka ya san hujjarka. Laburaren tarayya irin libssl kamar turmin gidan haya ne, ɗaya ake ajiyewa kowa ya daka. Da ɓarakar Heartbleed ta bayyana a OpenSSL, inda libssl ya fito, cikin Afrilun 2014, laburare ɗaya aka gyara, duk manhajar da ke aronsa ta tsira. Madalla.

To amma lambar nan da ke wutsiyar sunan laburaren, don me aka sa ta? Ai don libssl.so.1.1 da libssl.so.3 su zauna wuri guda ba faɗa! Kai kuwa ka buɗe rajistarka, ba ka ga sunan sikana ba saboda kamfaninta ta bayan fage ya shigo da ita, shi ke nan ka yanke hukunci babu mai buƙatar tsohon laburaren. Wa ka tambaya? Kamfanin ma tun da ya karɓi kuɗinsa ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Masana na intanet sun ce a kwaso tsohon a cusa da hannu, alhali tun 11 ga Satumba 2023 masu OpenSSL suka daina yi wa 1.1.1 gyaran kyauta. Wato talakanka ya zaɓa: ko sikana, ko tsaro.

An ce mafita Snap da Flatpak, manhaja ta zo da kayanta a ka. Wanda ya kawo shawarar bai taɓa sayen data a Jalingo ba. Zancen wuta da man janareto kuwa sai wani zaman.

Roƙon talakanka ɗaya ne: kafin ka sake share wani abu, ka leƙa ka ga wa ke amfani da shi, ka faɗa da harshen da mai shago zai gane. Haza wassalam.